Akwatin Da Ba Mu Zana Ba

Laraba, da hantsi

An wanke injin. Dogo mai walda ne ya wanke shi da tiyo tun kafin in iso, ruwan yana gangarowa har bakin get. Na tsallake na hau sama, ban tsaya kallon launinsa ba.

Oga ya ce in koma gida in huta. Na ce ban gaji ba. Ya ce, “Injiniya, ba roƙonki nake yi ba.” Na ce ni ma ba roƙonsa nake yi ba. Na ja kujera na zauna ina fuskantar allo.

Taswirar aikin tana nan yadda muka bar ta tun watannin baya. Ba a goge ba saboda Oga yana son nuna wa baƙi. Shi ya koya mini wannan hanyar, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ƙaunace ta. Kafin ka zana ko ƙusa ɗaya sai ka fara rubuta abin da injin zai yi, kowane aiki a cikin akwatinsa. Ba ka cewa wuƙa, sai ka ce yanka roba. In ka kuskura ka ambaci sunan wani ƙarfe a wurin zama, sai Oga ya ƙwanƙwasa allo da maka, alƙalamin rubutu a allo, ya ce ka cika gaggawa, wuƙa ai ɗaya ce daga cikin amsoshi, mu tambaya muke nema. Sannan a haɗa akwatunan da kibiyoyi, mai kauri ita ce roba, siririya ita ce wuta. Ga namu na injin daddatsa robobin ruwa: karɓi roba, kai ta wurin yanka, yanka, tace, fitar da ɓarɓashi. Tsaf da shi.

An kewaye duka da jan layi. Abin da ke cikin layin namu ne, abin da ke waje ba ruwanmu. Mutumin da zai riƙa zuba robar yana waje. Wata ’yar kibiya ce kawai ta shigo daga gefen hagu, an rubuta mata “ƙarfin hannu”. Rubutuna ne.

Wannan kibiyar ita ce Yaya. Ni na samo masa aikin gwada injin.

Laraba, bayan la’asar

Asibiti. Umma tana zaune a ƙasa a bakin ƙofar ɗakin, ta ƙi kujera. Anti, matar Yaya, tana hango ni ta miƙe. Na buɗe baki zan gaishe ta, ta wanke ni da mari har ɗankunnena ya faɗi. Na tsaya. Ta ƙara. Tana ɗaga na uku wata nas ta riƙe mata hannu.

“Ke kika kai shi,” in ji Anti. “Yana zaman zamansa kika kai shi.”

Zaman zamansa. Mutumin da ya yi watanni kwance a tabarma yana kallon rufi tun da aka sallame su daga aiki. Ita da bakinta ta ce in taimaka in samo masa ko da gadi ne. Ban faɗa ba. Na sunkuya na ɗauki ɗankunnena.

Umma ta kawar da kai, kuma wannan ya fi marin zafi.

Yaya ya juya fuska bango. An rataye hannun daman a jikin wani ƙarfe, naɗe da bandeji. Naɗin ya yi gajere. Na daɗe ina kallo ina neman sauran.

Alhamis, da safe

Kumatuna ya kumbura. Mai Tabarau, abokin zanena, ya tambaya, na ce haƙori ne.

Juma’a, wajen azahar

Na tare Dogo a bayan shago na ce sai ya faɗa mini. Shi kaɗai ne yake wurin ranar Talata. Ya so ya zille, na riƙe masa riga. 

Ya ce wata roba ce, an tattake ta ta zama fale-fale, ta gitta a maƙogwaron injin. Wuƙaƙen suka tsaya, injin ya koma gurnani. Makunni kuwa yana can jikin bango ta baya, sai ka zagaya. Yaya ya leƙa, ya ga wuƙa ba ta motsi, ga robar nan kusa-kusa. Ya miƙa hannu ya ja. Robar tana fita wuƙa ta samu hanya.

Dogo ya ce bai ji ihu ba da farko, ƙarar ce kawai ta canza. Na ce ya isa. Ya ci gaba. Na ce na ce ya isa, na doke shi a ƙirji da hannu biyu. Bai ma motsa ba. Na shiga banɗaki na yi amai.

Asabar, da hantsi

Ba kowa a ofis sai ni. Na tsaya gaban allo na bi kibiyar roba daga farko har ƙarshe, na sake bi. A kan allonmu roba ba ta taɓa maƙalewa. Tana shiga, tana yankuwa, tana fita, kamar ’yar makaranta mai ladabi. Mun rubuta abin da injin zai yi ranar da komai ya tafi daidai, muka kewaye da ja, muka tafa wa kanmu.

To in ta maƙale fa? Dole wani ya cire. Aiki ne shi ma, kamar yanka, kamar tacewa. Tunda ba mu ba injin ba, mun bar wa wanda ke tsaye a gabansa ke nan, shi kuma abin da yake da shi hannu ne.

Na ɗauki baƙin maka na zana sabon akwati tsakanin “kai ta wurin yanka” da “yanka”. Na rubuta: cire abin da ya maƙale. Na danne makan har bakinsa ya murƙushe.

Litinin, bayan an tashi zama

Wallahi yau saura kaɗan in aikata abin da za a ɗaure ni.

Na zo da amsoshi, yadda Oga ya koya mana, a jera kafin a zaɓa. Ko injin ya juya baya da kansa in ya ji nauyi. Ko a tsawaita wuyansa ya wuce tsawon hannun mutum. Ko murfi wanda in an buɗe wuta ta yanke. Ko matura ta ƙarfe a jikinsa. Mai Tabarau yana gyaɗa kai yana rubutawa.

Oga ya saurara har na gama. Ya ce, “Madalla, Injiniya. Duk za su shiga na gaba.”

Na ce, “Wane na gaba? Injinan da ke ƙasa fa?”

Ya ce waɗanda ke ƙasa an gama su, an yi musu fenti, ƙarshen wata Mai Bola, wanda ya ba mu aikin, zai zo ya gani ya kwashe abinsa. Za a liƙa musu takardar gargaɗi mai hoton hannu. Ya ce cire roba aikin mai amfani ne, yana wajen layi.

Na ce, “Wa ya ja layin, Oga? Daga sama ya sauko?”

Ya ce, “Ina jin ciwon abin da ya samu ɗan’uwanki, Allah ya sani. Amma ba mai hankalin da zai sa hannu a bakin inji yana kunne.”

Sai ya ɗauki tsumma ya goge akwatina. A hankali ma ya goge, har da gefe-gefe.

Kofin shayinsa ne ya fi kusa da ni. Ban jefe shi ba, allon na jefa. Shayi ya wanke “tace” da “fitar da ɓarɓashi”, fasassun suka watsu har kan takalminsa. Mai Tabarau ya shige ƙarƙashin tebur da tabaraunsa da komai. Oga ya ce zai ɗauka bai gani ba saboda halin da nake ciki. Na ce a’a, ya gani, don ya gani na yi.

Talata, da yamma

Sati guda ke nan. Ba abin rubutawa.

Laraba, bayan magariba

An sallamo Yaya. Umma ta dafa abin da ya fi so, Anti ta zauna za ta ba shi a baki. Ya ce a ajiye, zai ci da kansa. Ya riƙe cokali da hagu, abincin yana zubowa a ƙirjinsa. Muka yi kamar ba ma gani. A karo na ban san nawa ba sai ya ɗaga farantin ya maka da bango. Ya bi da kofi, ya bi da rediyon Baba da muke ajiye da ita tun rasuwarsa. Ya nemi abin da zai ƙara jefawa ya rasa, sai ya shiga naushin bango da hagun. Umma ta rungume shi ta baya tana cewa, “Shi ma so kake ka rasa? Shi ma?”

Ina tsaye a ƙofa. Ya dube ni, karo na farko tun ranar. Ya ce, “Auta, fita.”

Na fita na ɗauko tsintsiya. Anti ta fizge ta daga hannuna.

Alhamis, da safe

An liƙa takardun gargaɗin. Hoton hannu da jan giciye. Yatsun hoton duka suna nan.

Asabar, wajen la’asar

Na je filin Mai Bola a bayan gari, inda za a kai injinan. Ban gaya wa kowa ba. Na ce wa mai gadi daga kamfanin nake, na zo duba wurin da za a girke su.

Mata ne ke aikin. Suna zaune cikin tulin robobi har ƙugu suna tsincewa, mayafansu suna ja a ƙasa, wata da goyo a baya. Sauri suke yi don da buhu ake lissafa musu. Wata tana hira da ni, hannunta yana cikin buhu yana aiki ba ta ko kallonsa. Ta ce sun ji za a kawo inji, suna murna, za su huta da yanka da wuƙa. Ta nuna mini tafinta duk tabo tana dariya.

Robobin nasu ba irin waɗanda muka gwada da su ba ne. Namu Oga ya sa an sayo, wankakku, lafiyayyu, kowace da cikinta a bushe. Waɗannan mota ta bi ta kansu, wasu cike da yashi, wasu an ɗaure su biyu-biyu da waya. Injin nan ba zai yi rabin sa’a bai shaƙe ba. Kuma na ga hannun da zai shiga. Na ga su da yawa.

Mai Bola ya iso ina shirin fita, mutum mai tumbi da fara’a. Na so in faɗa masa komai. Na san abin da zai biyo baya: ya kira Oga, Oga ya ce ƙanwar wanda ya ji rauni ce, ba ta cikin hayyacinta. Sai kawai na ce, “Ranka ya daɗe, ranar gwaji ka zo da buhunka daga nan. Kada ka yarda a gwada maka da namu.”

Ya dube ni ya ce, “Akwai magana ne?”

Na ce, “Kai dai ka zo da naka.”

Lahadi, da hantsi

Na ji Anti ta taga tana saka wa Yaya maɓallan riga. Yana cewa ta bari, tana cewa ya tsaya. Sai na ji ƙarar riga ta yage.

Litinin, da rana

Abokan Yaya sun zo bakin get ɗin ofis. Ban san wa ya turo su ba, ba na jin shi ne. Suka fara da zagi, suka koma jifa. Dutse ya fasa tagar sama ya faɗo kan teburin Mai Tabarau. Dogo ya fita da sandar ƙarfe yana cewa duk wanda ya isa ya matso, alhali kuka yake yi, ina gani. Wani ya jefe shi a goshi. Jini ya rufe masa ido ɗaya yana ta kai duka a iska. Sai da ’yan sanda suka zo aka watse.

Ɗaya daga cikinsu ya hango ni a taga, wanda ya sha cin abinci a gidanmu. Ya nuna ni da yatsa ya tofar da yawu.

Oga ya hau sama yana huci ya ce, “Kin ga abin da mutanenki suka yi?” Na ce ni na ga abin da injinmu ya yi, shi ma ya gani kafin a wanke.

Talata, da safe

Na sake zana akwatin. Kafin azahar an goge.

Laraba, bayan an tashi aiki

Na sake zanawa, wannan karon da makan da ba ya goguwa. Mai Tabarau ya ce, “Injiniya, don Allah. Ina da yara.” Na ce matan bola ma suna da su. Ya cire tabarau yana goge shi da gefen riga ya ce ya san da gaskiyata, ya ƙirga ma, wuyan injin in an ƙara masa kamu biyu shi ke nan. Na ce to gobe ya faɗa a gaban Mai Bola. Ya mayar da tabarau ya ce shi gobe yana da ciwon ciki.

Haushinsa nake ji, haushin Oga nake ji, na Yaya ma nake ji, Allah ya yafe mini. Me ya hana shi zagayawa ya kashe? Na rubuta wannan na ji kamar in sare hannun da ya rubuta.

Alhamis, da safe

Yau ne.

Juma’a, wajen azahar

Jiya ban iya ƙara rubutu ba.

Mai Bola ya zo da mutanensa, da buhunsa. Oga yana ganin buhun ya kalle ni, na kalli ƙasa. Ya ce ai ga namu an tanada. Mai Bola ya yi dariya ya ce, “Haba Oga, ni da nawa zan yi aiki, ba da naka ba.”

Ba wanda ya yarda ya zuba. Dogo ya ce goshinsa yana ciwo. Oga ya naɗe hannun riga ya ce shi zai yi da kansa, su ga yadda abin yake da sauƙi. Ya zagaya ya kunna, ya dawo ya fara zubawa yana bayani. Ɓarɓashi yana fita, Mai Bola yana gyaɗa kai. Ni ina tsaye a gefensa na dama. Ban san lokacin da na ɗauki wani guntun rodi daga kan bencin Dogo ba, na dai ji sanyinsa a tafina.

Ba a kai rabin buhu ba ƙarar ta canza. Gurnanin nan. Dogo ya toshe kunnuwa.

Mai Bola ya ce, “Ya tsaya ne?”

Oga ya ce, “A’a, ba komai, ɗan abu ne.” Yana murmushi. Idonsa a kan Mai Bola, bakinsa bai daina bayani ba, ya leƙa sau ɗaya. Hannunsa ya tafi da kansa, ya wuce ta kan takardar gargaɗin.

Da na tsaya kiran sunansa da na makara. Makunni yana bayan injin. Na ɗaga rodin da hannu biyu na sauke masa a tsintsiyar hannu da duk abin da ke cikina. Na ji ƙashin. Kowa ya ji.

Ya faɗi gefe yana birgima, yana kiran sunan Allah, yana zagina. Jijjigar da ya yi wa injin da ya faɗi ita ta saki robar. Wuƙaƙen suka kama, suka haɗiye ta gabanmu, ɓarɓashi ya feso ta ƙasa.  Mai Bola ya kalli injin, ya kalli Oga a ƙasa, ya kalli tafin hannunsa, ya sa shi a aljihu.

Wani daga mutanensa ya murɗe mini hannu ta baya ya karɓe rodin, ya danna ni jikin bango har leɓena ya fashe. Mai Bola ya ce a sake ni. Ya ce a ɗauko sauran buhun a mayar mota. A bakin get na ji yana ce wa Mai Tabarau, wanda ciwon cikinsa ya warke ya sauko, in sun gyara su neme shi, in ba su gyara ba kada ya ga ƙafar kowa a filinsa.

Zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa. Don in ceci hannun na buga. Amma rabin wannan ƙarfin ma ya isa.

Asabar, da hantsi

An ɗora wa Oga hannun. Ya aiko Dogo da kayana a kwali, ya ce kada in ƙara taka masa ofis, maganar ’yan sanda kuma yana tunani. Dogo ya ce an tura injinan lungu an rufe da tamfol, kuma Mai Tabarau yana gaban allo tun safe yana jan kibiyoyi zuwa akwatina. Na ce ya gaishe mini da Mai Tabarau da jiki.

Lahadi, bayan la’asar

Labari ya iso gida kafin in faɗa. Anti ba ta yi mini magana ba, amma ta turo mini ruwan zafi in gasa leɓe. Umma ta ce Yaya yana kirana.

Yana zaune a tabarma a tsakar gida, ya ɗora hannun a cinya. An rage bandejin, yanzu ana ganin babban yatsa. Na zauna nesa kaɗan.

Ya ce, “Auta, an ce kin karya Oganku.”

Na ce, “Eh, Yaya.”

“Da me?”

“Rodi.”

Sai ya fara dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ranar. Ya yi ta har da tari, Umma ta leƙo daga kicin tana murmushi ba ta san dalili ba. Ni ma na fara, leɓena yana tsagewa.

Ya goge ido da hagu ya ce, “Yatsunsa fa?”

Na ce, “Suna nan.”

“Duka?”

“Duka.”

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon abin da ke kan cinyarsa. Da ya yi magana ba faɗa a muryarsa, tambaya ce kawai irin wadda yake yi mini muna yara.

“To ni me ya sa ba ki karya nawa ba?”